Na Huɗun Naka Ne

Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga gare ni da duk mutanen gida, da fatan kana lafiya, kai da karatun naka. Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar Inna da ta sake motsawa. Ta daina hawa bene, mun sauko mata da gadonta ɗakin ƙasa, tana ta mita wai mun mayar da ita maigadi. Baban yara yana gaishe ka. Yaran sun ce in tambaye ka ko gemun nan da suka gani a hoto naka ne ko aro ka yi.

Na zauna in rubuto maka ne saboda waya ba ta yi mana. In na kira kana aji, in ka kira ina tsakiyar masu jiran sakamako, maganar kuma ba ta tsaye ba ce.

Babbar kwamfutar nan da ka taya Likita zaɓa ta iso. Ka san halin mai ɗakin gwajin jinin namu, sai da ya zagaye kwalin yana shafa shi kamar wanda ya sayi mota. Mun ajiye ta a ƙuryar baya, kusa da firjin da muke sa jini. Ya ce tunda ni na yi ɗan kwas ɗin kwamfuta, kuma ni nake fama da tsohuwar kullum, to ni zan haɗa sabuwar. Na ce to da bakina, ban ma san ta inda zan fara ba.

Ga abin da nake so in yi. A tsohuwar komai a cuɗe yake wuri ɗaya: rajistar masu zuwa, da sakamakon gwaji, da manhajar da ke tura wa asibitoci saƙo. In ɗaya ya sandare duka sun tsaya, sai in yi ta kashewa ina kunnawa, mutane suna hararata. Yanzu na raba sabuwar gida uku a cikinta, injina uku ke nan, kowanne yana ganin kansa cikakkiyar kwamfuta alhali a ƙarfe ɗaya suke zaune. Sista mai ɗibar jini ta sa musu suna 'yan haya. Ina so ɗaya ya zama shugaba, biyu ma'aikata, kowace manhaja kuma in rufe ta a kwantenarta ita da kayanta. In ma'aikaci ɗaya ya faɗi, shugaban ya kwashe kwantenonin ya ɗora wa ɗayan, mai jira a teburin gaba bai ma san an yi ba.

A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa 'yan hayan sun ƙi gaisawa. Shugaban ya tashi, amma da zarar na shigar da ma'aikaci ɗaya cikin gungun sai ɗayan ya ɓace. In na dawo da wannan, wancan ya tafi. Na yi ta yi har idona ya fara ganin abu biyu-biyu.

Na faɗa wa Inna zan nemi taimakonka. Ta ce in tuna maka ita ta haife ka amma ni na goya ka, in ka yi mini yanga kai da ita ne.

Taka,
Yaya

*

Yayata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Na karanta wasiƙarki a ɗakin karatu, na yi dariya ni kaɗai har wani ya ɗago ya dube ni. Lafiyata ƙalau, mura ce ta ɗan taɓa ni ta wuce. A duba mini Inna, a ce mata magani sha ake yi, ba ajiyewa ƙarƙashin filo ba. Ki gaya wa yaran gemu nawa ne, da gumina na tara shi.

Wallahi Yaya kin burge ni. Abin da kike haɗawa a ƙuryar nan, mu a nan sai mutum ya yi nisa ake barinsa ya taɓa irinsa. Matsalar taki kuma ƙarama ce. Na tabbata inji ɗaya kika gina, sannan kika kwafe shi don ki huta. To duk ukun suna ɗaya suke ɗauke da shi, adireshi ɗaya, shi ya sa shugaban yake ganin mutum ɗaya ne yake ta shiga yana fita. Ki raɗa wa kowanne sunansa, ki ba shi adireshinsa, ki daidaita agogonsu, don in agogo ya saɓa ba sa yarda da juna. Sauran ƙananan abubuwan sun fi sauƙi in na gani da idona. Ki tambayi Likita, in ya yarda ki buɗe mini ƙofa in riƙa shigowa daga nan. Na haɗo miki mabuɗina a ƙasan wasiƙar.

Ni kuwa aikin kammala karatu ya sha mini kai. Lissafi ne mai nauyin tsiya, sai babbar na'ura ta yi kwana da kwanaki tana niƙa shi. Ta makaranta layi ake bi, kuma duk sanda na kusa kaiwa sai ɗalibin wani babban malami ya tsallake ni. Malamin da ke duba aikina ya ce in ban kawo sakamako kafin ƙarshen zango ba sai dai in ƙara shekara, masu biya mini karatu kuma ba su san wannan yaren ba. Kada ki faɗa wa Inna, abin da ke damunta ya ishe ta.

Ki gaida Baban yara, ki ce masa ban manta da agogon da na yi masa alkawari ba.

Naki,
Auta

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan murar ba ta dawo ba. Inna da sauƙi, har ta fara takawa bakin ƙofa ta zauna tana yi wa masu wucewa sharhi. Maganin kuwa ka canka, a ƙarƙashin filon na same shi.

Ɗan'uwa, injinan sun tashi! Yadda ka faɗa haka yake. Ina canza musu suna da adireshi suka ga juna kamar dā ma jira suke. Likita ya yarda na sa mabuɗinka, na kuma ga gyare-gyaren da ka shigo ka yi. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Bari in ba ka labarin jiya. Na kira Likita ƙuryar, ya tsaya ya harɗe hannu. Na ce Sista ta je teburin gaba ta fara shigar da sunan wani, ni kuma na kashe ma'aikaci na ɗaya a gaban idonsa.

Ya ce, "Ke! Me kika yi haka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, duba nan."

Muna kallo kwantenonin suka ɓace daga wannan layi, suka fara bayyana a wancan ɗaya bayan ɗaya. Sista ta ɗago murya daga can gaba, "Ya ɗan tsaya, amma ga shi ya ci gaba!" Likita ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce, "Sake yi in gani." Na sake. Sai ya ce daga yau ƙuryar nan tawa ce, zai ɗauki wata yarinya ta zauna a teburin gaba. Kai ka san shekarun da na kwashe a teburin nan ina buga sunayen mutane. Na shiga banɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito kamar ba ni ba.

Na ƙara inji na huɗu, ɗan ƙarami, na ware shi gefe, ban sa shi cikin gungun ba, na kuma yanka masa iyakar abin da zai ci. Na yi shi ne don duk abin da za mu canza mu fara gwada shi a can kafin ya taɓa na marasa lafiya. Tunda kai ne sarkin gwaje-gwaje, na huɗun naka ne, ka yi yadda ka ga dama da shi. Likita ya ce a rufe ƙofarka tunda an gama. Na ce ya ɗan bari tukuna, akwai sauran 'yan gyare-gyare, kuma ai ƙanina ne.

Maganar aikinka tana raina. Ban faɗa wa kowa ba, amma kullum kana cikin addu'ata.

Taka,
Yaya

*

Auta,

Assalamu alaikum. Anya lafiya? Shirun ya yi yawa. Na rubuto, na kira, ba ka ɗaga ba. Inna ta fara cewa ko ɓoye mata wani abu nake yi. Mu nan lafiya, ƙaramar cikin yaran ce ta yi zazzaɓi amma ta miƙe, har ta koma makaranta.

Akwai abin da ke damuna a ƙuryar. Fankar kwamfutar ta daina hutawa, tun daga ƙofa kake jin gurnaninta, in ka ɗora hannu a jikin ƙarfen kamar an sauke shi daga wuta. Sabuwar yarinyar teburin gaba ta ce in ta danna adanawa sai ta gama gaisawa da mutum kafin ya amsa. Na duba, na ga na huɗun ya shiga cikin gungun, ni kuma ban sa shi ba. Iyakar da na yanka masa babu ita. Ga kuma wasu kwantenoni birjik a kan ma'aikatan biyu, sunayensu haruffa da lambobi, ban san su ba. Faifan ajiya yana cika kamar ana ɗura masa ruwa.

In wani gyara kake yi, don Allah ka gaya mini in san abin da zan ce in Likita ya tambaya. Hannuna yana ƙaiƙayi in kashe su, amma ina tsoron in rushe wani abin da ka gina mana ban sani ba. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Taka,
Yaya

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, aiki ne ya rufe ni. A gaida Inna, a yi wa ƙaramar sannu.

Na san da su, kada ki damu. Kada ki taɓa komai, ki bar su yadda suke zuwa ƙarshen wata, za su sauka da kansu. Zan yi miki bayani.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Inna lafiya, yara lafiya. Ni ce ban san ko lafiya nake ba.

Da ka ce ka san da su, hankalina ya kwanta. Na ɗauka gyara ne kake yi mana, har na ce wa Sista ta daina damuwa da gurnanin fankar, ƙanina yana kai. Ban taɓa komai ba, kamar yadda ka ce.

Ranar Litinin da safe, zaure cike da mutane, komai ya tsaya cik. Faifan ya cika har wuya. Sakamakon da na'urorin gwaji suka turo tun asuba bai sami inda zai sauka ba, ya bi iska. Shugaban ya yi ta ƙoƙarin kwashe kwantenoni daga wannan ya kai wancan, amma wancan ma a cike yake. Yarinyar teburin gaba ta tsaya tana kallon allo tana hawaye, mutane suna ta buga mata tebur.

A cikinsu akwai wani dattijo. Matarsa tana asibitin da ke tsallaken titi, an shirya za a yi mata tiyata da safen, sakamakon jininta kawai ake jira. Bai yi faɗa ba, shi ya fi ci mini rai. Ya leƙo ƙuryar ya ce, "Baiwar Allah, tun jiya ba ta ci komai ba, an ce sai da takardar nan." Na ce masa yanzu-yanzu. Kafin mu sake ɗibar jininta mu gwada mu fitar, likitan tiyatar ya shiga da wani. Aka ɗage nata zuwa wani makon. Dattijon ya dawo ya karɓi takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ce mini, "An gode."

Tun da safen na buɗe kwantenonin nan. Ga sunan aikinka a sama, ga sunanka, ga na malaminka. Auta, a ƙasa na zauna, a gefen firji. Ashe lissafinka ne yake ta niƙuwa a kan injinan marasa lafiya duk tsawon wannan lokaci, ni ina nan ina gadinsa.

Duk da haka ban faɗi sunanka ba. Da yamma Likita ya kira ni ofis, Sista tana zaune. Ya tambaye ni me ya faru, na ce faifai ne ya cika, ina kan bincike. So nake in fara jin ta bakinka. Na ce a raina yaron nan yana cikin matsi, ya yi wauta, za mu san yadda za mu faɗa tare. Sai Likita ya ce, "Bari mu ji daga wanda ya fi mu sani." Ya kira ka, ya buɗe muryar wayar ya ajiye a kan tebur. Ni da na yi ta kira ba ka ɗaga ba, shi bugu ɗaya ka ɗauka.

Zan maimaita maka abin da ka ce, ko ka manta.

Ya ce, "Kana da masaniya a kan abin da ya cika mana faifai?"

Ka ce, "Gaskiya ranka ya daɗe, ni shawara kawai na bayar daga nesa. Tun da aka gama ban sake shiga ba."

Ya ce, "To a ganinka me ya jawo?"

Na ce a raina yanzu zai faɗa. Sai ka ce, "Ka san irin wannan aiki yana son wanda ya karance shi sosai. Yayata tana da ƙoƙari, amma ɗan kwas ne ta yi. Wataƙila wani abu ta bari a buɗe ba ta sani ba."

Sista ta sunkuyar da kai. Likita bai dube ni ba, ya yi maka godiya ya kashe. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Ya ba ni zuwa ƙarshen mako in kawo masa bayani. Ga abin da nake so, ba kuma roƙonka nake ba. Ka kira shi da bakin nan naka ka faɗa masa gaskiya. Kana da lambarsa, na ga kuma kana ɗauka.

Yaya

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina fatan Inna da yara suna lafiya. Ni tun da na karanta wasiƙarki abinci ya ƙi shiga, kaina kamar zai rabe.

Wallahi ban san kina wurin ba. Da na sani da ban yi magana haka ba. Kiran ya zo mini ba shiri, ina tsaye a ƙofar ofishin malamina, na ruɗe, na faɗi abin da ya fara zuwa bakina. Ba har zuciyata ba ne, ke ma kin san yadda nake ganin girmanki.

Amma Yaya, ki yi mini adalci ki koma ki duba wasiƙarki. Da hannunki kika rubuta cewa na huɗun nawa ne, in yi yadda na ga dama da shi. Na faɗa miki halin da nake ciki, kika ce maganar aikina tana ranki, a takarda ɗaya kuma kika ba ni inji. Me kike so in fahimta? Na ɗauka hanya kika buɗe mini ba tare da kin fito fili ba, saboda Likita. Da na ga ƙaramin ba zai kai ni ba, na cire iyakar na ɗan lokaci, na bar aikin ya bazu inda akwai wuri. Na yi lissafin faifan zai isa har ƙarshen wata. Kuskuren lissafi ne, ba mugunta ba. Da kika tambaya ai na ce miki na san da su, ban ɓoye ba.

Maganar in kira Likita, don girman Allah ki duba. Na sa hannu a takarda da masu biya mini karatu. In aka ce na shiga na'urar da ke ɗauke da bayanan marasa lafiya na yi aikina, ba zango zan rasa ba, korata za a yi in dawo gida hannu biyu. Likita mutum ne mai zafi, wasiƙa ɗaya zai rubuta wa makaranta shi ke nan. Ke in abin ya yi muni ƙuryar za ki rasa, teburin gaba yana nan, Baban yara yana nan. Ni in na rasa wannan ba ni da komai. Ki tuna Inna. Tun da Mamanki ta rasu ta ɗauko ki ba ta taɓa bambanta mu ba, kuma kin san ni take jira. In ta ji, ban san abin da zai same ta ba. Ki ce wani abu ne ya kuɓuce miki, za a yi faɗa a manta. In na gama na dawo, ni zan gina miki wanda ya fi wannan.

Abu ɗaya kuma, ki yi haƙuri da kawo shi yanzu. Na yi ƙoƙarin shiga na ga kin cire mabuɗina. Lissafin ya kusa ƙarewa ranar da abin ya faru. In bai goge ba, ki taimaka ki turo mini abin da ya fito. Shi kaɗai ne da ni.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Inna lafiya, gwiwar ta yi sauƙi sosai. Yara lafiya, Baban yara lafiya. Na daɗe ban amsa ba don ina jira in ga ko wayar Likita za ta yi ƙara. Mako ya ƙare, wani ya bi bayansa, ba ta yi ba.

Na koma na duba wasiƙata kamar yadda ka ce. Haka na rubuta, na huɗun naka ne. Ban ga inda na ce na ɗaya da na biyu da na uku naka ne ba. Da a ce izini ka ɗauka na ba ka, da ba ka yi mini shiru ba, da ba ka ce wa Likita ba ka sake shiga ba. Da ka fito ka ce Yaya ina cikin matsi, ara mini injin, wallahi da na je na durƙusa gaban Likita na roƙa maka, mu ware maka lokacin da ba kowa, mu sa iyaka. Ba ka tambaya ba don ka san akwai abin da zan ce a'a.

Ka ce ba ka san ina wurin ba. Wannan layin na fi karantawa. Ashe ba abin da ka faɗa ne ya dame ka ba, jin da na yi ne.

Na faɗa wa Likita gaskiya duka. Zan iya ɗaukar laifin barin ƙofarka a buɗe, don nawa ne, shi ya ce a rufe na ce ƙanina ne. Amma ba zan tsaya in ce ban iya aikin da na iya ba. Ya saurare ni har na gama, ya jawo kwamfutarsa ya ce yanzu zai rubuta wa makarantarku. Na roƙe shi. Ya ce, "Bayan abin da kika ji da kunnenki, shi kike roƙa wa?" Na ce ba shi ba ne, akwai tsohuwa a gida. Sai ya rufe kwamfutar. Karatunka yana nan, ba wanda zai taɓa shi.

Ƙuryar kuwa ya karɓe. Ya ɗauko wani kamfani, sun zo su biyu da jakunkuna, suka duba gungun suka ce ginin ba shi da laifi, suka sa sabon kwado a ƙofa. Asibitin tsallaken titi sun daina turo mana jini. Da aiki ya ragu, sai aka sallami yarinyar teburin gaba aka mayar da ni kujerarta. Ranar da za ta tafi ta nuna mini inda ta ajiye komai, kamar ban san teburin ba. Marainiya ce, ƙannenta take riƙewa. Ka ce teburin gaba yana nan. Yana nan, amma da mutum a kai.

Matar dattijon an yi mata aikin, ta tashi. Sista ta je ta dubo ta. Ni ban iya zuwa ba, ga dalili.

Ka tambayi aikinka. Ran nan da safe, da na ga sunanka, na san abin da zai tayar da komai nan take, in goge kwantenoninka faifai ya sami wuri. Umarni ɗaya ne. Na rubuta shi, yatsana yana kan madanni, sai na tuna ka ce in ba ka kai sakamako ba za ka ƙara shekara. Na ɗauko wani faifai daga durowa na jona, na tsaya ina kwashe maka lissafinka tukuna. Abin da nauyi, ya ɗauki lokaci. A cikin lokacin nan dattijon ya leƙo ya ce matarsa ba ta ci komai ba, na ce masa yanzu-yanzu, ina kallon aikinka yana tafiya a hankali. Da na goge tun farko, da an sake gwada jininta kafin likitan ya shiga da wani. Wannan ma na faɗa wa Likita. Da yammacin ranar ne na zauna na ji ka kana cewa ɗan kwas ne na yi.

Na ɗora maka lissafinka duka a intanet, ba abin da ya ɓace. Hanyar da za ka sauke tana ƙasan wannan wasiƙa. In ka gama ba sai ka sanar da ni ba, zan gani. Kada ka rubuto mini godiya, kada kuma ka gina mini komai in ka dawo.

Inna ba ta sani ba, ba kuma daga bakina za ta ji ba. In ka kira ta zan miƙa mata wayar in fita. Jiya ta tambaye ni me ya sa na daina karanta mata wasiƙunka, na ce karatu ya yi maka yawa. Ta ce Allah sarki, in gaya maka ka riƙa cin abinci a kan lokaci.

Na gaya maka.

Yaya